Mahaifina ya yi shekara 22 a ramin yuraniyam, yanzu yana tari: cutar daji ce?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifinmu ya yi shekara 22 yana aiki a ƙarƙashin ƙasa a mahaƙar yuraniyam ta yankin Arlit, ya yi ritaya ya dawo gida Damagaram. Shekarunsa 66. Wata uku ke nan yana tari, ya rame, kuma har yanzu bai bar taba ba. Abokan aikinsa biyu sun rasu, an ce cutar daji ce ta huhu. Shin duk wanda ya yi aikin nan sai ta kama shi? Mu 'ya'yansa fa, da mahaifiyarmu da ta riƙa wanke masa kayan aiki? Sannan ƙanena yana sayar da fetur a kwalabe, yana zuƙo shi da baki ta tiyo. Shi ma akwai abin tsoro?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya jiƙan abokan aikinsa. Bari in fara da abin da ba ya jira. Dattijo mai shekara 66, mai shan taba, wanda ya shaƙi ƙurar dutse shekara 22, in ya yi wata uku yana tari yana ramewa, ya wuce a ci gaba da sayo masa maganin tari na kwalba. Ku kai shi babban asibiti cikin makon nan. Da kun shiga wurin likita, kafin ya tambaya, ku gaya masa aikin da Baba ya yi da yawan shekarun da ya yi a rami, domin likitoci da yawa ba su tambayar sana'a, kuma jin wannan kaɗai yana canza irin binciken da za a yi.

Abu uku ne za su fara zuwa zuciyar likita. Na farko tarin fuka, wanda a ƙasashenmu shi ya fi kowanne yawa. Na biyu ciwon ƙurar dutse, silikosis, inda ƙurar da ta daɗe a huhu take mayar da shi tabo-tabo har ya ƙi buɗewa sosai. Mai wannan ciwo kuma tarin fuka ya fi saurin kama shi, kusan ninki 3. Na uku sankarar huhu. Za a auna kaki, a ɗauki hoton ƙirji. A nan nake son ka buɗe ido. Na sha ganin tsofaffin ma'aikata da aka ɗora kan maganin tarin fuka na wata 6 alhali awon kaki bai nuna ƙwayar cutar ba, aka yi ta jira, sai da wata 6 ɗin suka ƙare aka gane ƙari ne, lokacin ya riga ya bazu. Idan kaki bai nuna komai ba, ko hoton ya nuna wani dunƙule, ku nemi a yi hoton sikan na ƙirji, in ta kama a yanko ɗan nama a duba. Ko da an tabbatar tarin fuka ne, in ya sha magani wata biyu bai farfaɗo ba, ku koma ku ce a sake dubawa, don cututtukan biyu suna iya haɗuwa a huhu ɗaya.

Yanzu ga babbar tambayarka. A'a, ba duk wanda ya yi aikin nan ne cutar take kamawa ba. Mafi yawan mahaƙan yuraniyam ba ita ce ajalinsu ba. Amma haɗarin gaskiya ne, an auna shi, kuma ya fi na sauran mutane. Zan yi maka bayanin inda yake fitowa, saboda wanda ya gane hanyar da cuta take bi shi ne yake sanin abin da ya cancanci tsoro da wanda bai cancanta ba.

Mutane suna ɗauka dutsen yuraniyam ɗin ne yake ƙona jikin mai haƙa. Abin da ya fi yin ɓarna iska ce. Yuraniyam yana rikiɗa sannu a hankali, mataki-mataki, ya zama radiyam, radiyam kuma ya saki wata iska mai suna radon. Ba ta da launi, ba ta da wari. A fili iskar duniya tana kwashe ta, ba ta taruwa. A rami mai zurfin mita ɗaruruwa kuwa ba ta da wurin zuwa, sai ta taru. Rabinta yana rikiɗewa cikin kwana 3.8, ya bar wasu ƙananan burbushi, daga cikinsu har da poloniyam, waɗanda suke manne wa ƙura. Mai haƙa ya shaƙi ƙurar, ta zauna a bangon hanyoyin iska na huhu, daga nan burbushin ya riƙa harba wani irin tururin nukiliya da ake kira alfa. Wannan alfa ɗin ko takarda ba ya iya hudawa, fatar hannu ma tana tare shi. Amma a cikin huhu babu fata, ƙwayoyin halitta ne ɗanyu a gabansa, kuma duk ƙarfinsa a kansu yake saukewa. Yana yayyaga saƙon gado da ke cikin ƙwayar. Jiki yana gyara mafi yawan ɓarnar, wasu ƙwayoyin su mutu a maye gurbinsu. Wadda aka gyara da kuskure ta kuma rayu, ita ce za ta iya zama tushen ƙari bayan shekara 10, 20, ko fiye. Shi ya sa mutum yake barin aiki garau, cutar ta same shi a gida yana tsakiyar jikokinsa.

An daɗe da sanin wannan. A duwatsun da ke tsakanin Jamus da ƙasar Cek, a garuruwan Schneeberg da Jachymov, tun ƙarni na 16 aka lura masu haƙar azurfa suna mutuwa da ƙuruciya da wani ciwon ƙirji da suke kira ciwon dutse. A 1879 likitoci biyu, Harting da Hesse, suka buɗe gawarwakin suka ga ƙari ne a huhu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka koma waɗannan duwatsu ana haƙar yuraniyam don Tarayyar Sobiyet. A shekarun farko da busasshen inji ake huda dutse, babu ruwan kwantar da ƙura, babu fankokin tura iska. Dubban mutane suka kamu da sankarar huhu. Har yau masu bincike a Jamus suna bin bayanan kusan mutum 59,000 daga cikin waɗannan ma'aikata, kuma abin da suke gani a fili yake: gwargwadon radon da mutum ya tara a shekarun aikinsa, gwargwadon haɗarinsa.

Shaidar da ta fi taɓa ni ita ce ta ƙabilar Nabaho a kudu maso yammacin Amurka. Mutane ne da ba su cika shan taba ba, sankarar huhu kuma baƙuwa ce a cikinsu. Daga 1944 zuwa 1986 an haƙi kusan tan miliyan 30 na dutsen yuraniyam a ƙasarsu. Wani bincike da aka buga a 1984 ya duba mazan Nabaho 32 da suka kamu da sankarar huhu, aka tarar 23 daga cikinsu mahaƙan yuraniyam ne. Cikin maza 64 da ba su da cutar, waɗanda aka kwatanta da su, babu ko ɗaya da ya taɓa aikin. Ruwa ba ya tsami banza. A 1988 hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke birnin Lyon a Faransa ta sa radon a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar.

To ina Baba ya faɗo a cikin wannan? Haƙar yuraniyam a Arlit ta fara a 1971, ramin ƙarƙashin ƙasa na Akouta da ke kusa da Arlit kuma ya yi aiki daga 1978 zuwa 2021. Wannan zamani ne da an riga an san amfanin tura iska cikin rami da huda dutse da ruwa, kuma duk inda aka yi waɗannan biyu da gaske, radon yana raguwa ƙwarai idan aka kwatanta da ramukan Jamus na shekarun 1950. Saboda haka lissafinsa ya rataya ne a kan wurin da aka ajiye shi a ramin, yadda iska take gudana a wurin, da abin da ɗan ma'aunin tururin nukiliya da ake rataya wa ma'aikata ya rubuta. Mai aiki a bakin dutse inda ake fasawa ba ɗaya yake da mai aiki a ɗakin gyaran inji ba. Akwai kuma labari mai daɗi: binciken mahaƙa ya nuna ƙarin haɗarin da radon yake jawowa yana raguwa yayin da shekaru suke nisa da barin ramin.

Sai maganar taba, wadda a ganina ita ce zuciyar al'amarin Baba, don ita kaɗai ce har yanzu take hannunsa. A 2005 aka haɗa bincike 13 daga ƙasashen Turai 9 kan radon da ke taruwa a gidaje. Ga abin da aka samu. Cikin mutum 1,000 da ba su taɓa shan taba ba, in babu radon a gidan, kusan 4 ne za su kamu da sankarar huhu kafin shekara 75. In radon ɗin ya kai bekerel 400 (ma'aunin yawansa) a kowace kubik mita ta iska, sai su zama 7. Cikin mashaya taba 1,000 kuwa, ba tare da radon ba kusan 100 ne, da radon ɗin nan kuma 160. Ka duba da kyau: iska ɗaya ce, ta ƙara wa marasa shan taba mutum 3, ta ƙara wa mashaya 60. Taba da radon ba tarawa suke yi kamar ɗaya da ɗaya ba, ƙarfafa juna suke yi. Baba ba zai iya mayar da shekara 22 na rami ba, amma karan sigarin gobe bai sha shi ba tukuna. Wanda ya bar taba, bayan shekara 10 haɗarinsa na mutuwa da sankarar huhu yana komawa kusan rabin na wanda ya ci gaba. Ko awon ya nuna cutar ta riga ta shiga, barin tabar yana taimaka wa magani. Na san ɗa ba ya tsawata wa mahaifi. Ku nemi wanda yake jin nauyinsa, aboki ko limami ko likitan da zai duba shi, ya yi masa maganar, ku kuma ku lallaɓa.

Kai da 'yan'uwanka, hankalinku ya kwanta. Jikin Baba ba ya fitar da wani tururi da zai cutar da na kusa da shi. Radon da ya shaƙa yana fita da numfashi, burbushin da yake yin ɓarnar kuma rayuwarsa ta mintoci ce, cikin 'yan sa'o'i ya ƙare. Abin da ya rage shi ne tabon da ya bari a ƙwayoyin huhunsa, wannan kuwa ba ya tsallakawa zuwa wani. Cutar daji ba a ɗaukarta ta kwano ko shimfiɗa. Tarin fuka ne ake ɗauka ta iska, shi ya sa in aka tabbatar shi ne, duk mutanen gidan sai a duba su, musamman ƙananan yara. Maganar gado ma an bincika ta a inda ya fi ko'ina dacewa. An bi 'ya'yan waɗanda suka tsira daga bam ɗin Hiroshima da Nagasaki, fiye da 70,000 da aka haifa bayan 1945, shekaru da dama, ba a ga ƙarin cutar daji ko nakasar gado a cikinsu ba. Su kansu iyayen, da suka sha tururin kai tsaye, lissafinsu yana koyar da abu: cikin mutum 105,444 da aka bi daga 1958 zuwa 2009, har da mazauna biranen da ba sa nan ranar bam ɗin, an samu cutar daji ta gaɓoɓi 22,538, amma waɗanda aka ƙiyasta bam ɗin ne ya jawo ba su wuce 992 ba. Ɗari tara da casa'in da biyu rayuka ne, ba abin rainawa ba ne. Amma ya nuna maka cewa ko bam na nukiliya ƙara yiwuwar cutar yake yi, ba ya yanke wa kowa hukunci.

Game da Mama, tsoronka yana da tushe, sai dai tushen daga wata sana'a ya fito. A 1965 a birnin Landan aka gano matan da suke wanke kayan mazajensu masu aikin asbestos, wani ma'adini mai zare-zare, suna kamuwa da wata muguwar sankara ta fatar da ke lulluɓe da huhu, alhali ba su taɓa shiga masana'antar ba. Zaren asbestos yana maƙale wa tufafi, kaɗan daga cikinsa ya isa, kuma yana iya kwantawa shekara 30 zuwa 40 kafin ya tashi. Ƙurar dutsen yuraniyam a kan riga ba ta kai wannan ba, domin babban makaminta radon ne, shi kuma sai a rufaffen wuri yake taruwa. Abin da zan fi tambaya shi ne ko Baba ya taho da wasu kaya daga can. A ƙarshen 2003 wata cibiyar bincike mai zaman kanta ta Faransa, CRIIRAD, ta auna ta samu ƙarafan da suka gurɓata da burbushin nukiliya ana sayarwa a kasuwar Arlit, a 2009 kuma ƙungiyar Greenpeace ta samu irin wannan gurɓata a wasu titunan garin Akokan da ke kusa da Arlit. In akwai tsohon bututu, ganga, kwanon rufi ko dutse daga mahaƙar a gidanku, kada a dafa abinci ko a ajiye ruwan sha a ciki, a fitar da shi daga ɗakin kwana, a nemi hukumar kula da tsaron nukiliya a Yamai ta auna. Kada a sayar wa 'yan gwangwan. A 1987 a garin Goiania na Brazil, masu tsintar ƙarfe sun fasa wata tsohuwar na'urar gashin cutar daji da aka yasar, hodar da ke ciki mai ƙyalli ta zaga gidaje, mutum 4 suka mutu, kusan 250 suka gurɓata.

Wani zai ce muku kada a yi wa Baba hoto, wai ya riga ya sha tururi da yawa. Kada ku saurara. Kowane ɗan Adam yana samun kusan milisibat 2.4 (ma'aunin tururin nukiliyar da jiki ya sha) a shekara daga ƙasa da sama da abinci. Hoton ƙirji ɗaya kusan 0.1 ne, daidai da na mako biyu. Sikan na ƙirji kusan 7 ne. Iyakar da aka yanka wa ma'aikacin nukiliya ita ce matsakaicin 20 a shekara cikin kowace shekara 5. Gaskiya ne ƙananan kaso ma suna taruwa. Binciken ma'aikatan nukiliya kusan 310,000 a Faransa da Birtaniya da Amurka ya nuna haka, shi ya sa ba a yin hoto don sha'awa. Amma ga mai shekara 66 da yake tari yana ramewa, rashin sanin abin da ke ƙirjinsa ya fi hoton haɗari nesa ba kusa ba.

Ƙanenka kuwa, in ka tambaye ni, shi ne wanda haɗarinsa yake gudana a yau. A cikin fetur akwai wani sinadari mai suna benzin. Yana shiga jiki ta numfashi da ta fata, ya tafi ɓargo inda ake ƙera jini, ya lalata shi. Ƙarshensa ƙarancin jini mai tsanani ko sankarar jini. Wani likita a Istanbul, Muzaffer Aksoy, shi ya fito da wannan fili daga wurin masu ɗinkin takalma da suke aiki da gam mai benzin a ƙananan shaguna marasa taga: daga 1967 zuwa 1973 ya ƙirga mutum 26 masu sankarar jini cikin ma'aikata 28,500, kusan ninki biyu na sauran jama'a. Turai ta kayyade benzin a fetur kada ya wuce kashi 1 cikin 100, amma mai zuƙa da baki yana shaƙar tururin a bakin tiyo sau da yawa a rana, shekara da shekaru. Kafin ma a kai ga sankara, kurɓi ɗaya da ya kuskure ya shiga huhu yana iya kwantar da shi da ciwon huhu mai tsanani a daren. Ya sayi ɗan famfon hannu na roba, kuɗinsa bai kai ribar yini ba. Ya daina wanke hannu da fetur, ya daina kwana a ɗakin da jarkoki suke, ya riƙa zubawa a fili iska na bayansa. In ya fara ganin kasala, fari a ido da tafin hannu, jini a dasashi, ko zazzaɓin da ke yawan dawowa, awon ƙwayoyin jini ba shi da tsada, ya je a yi. Haka nake gaya wa masu walda da masu fentin mota da makanikan da suke tayar da injin dizal a rufaffen gareji: hayaƙin dizal tun 2012, hayaƙin walda tun 2017, duk suna cikin rukunin da aka sa radon. Ƙyallen da ake ɗaurewa a hanci ba ya tare waɗannan. Buɗaɗɗen wuri da takunkumi na gaskiya mai matata ne suke tarewa.

Akwai aiki ɗaya da nake so ka ɗauka a wuyanka tun Baba yana da ƙarfin tuna abubuwa. Idan aka sa naman sankarar huhu a madubin likita, babu alamar da za ta nuna radon ne ya jawo ko taba. Saboda haka duk inda ake biyan diyyar cutar aiki, takarda ce take magana. Lokacin da Amurka ta yi dokar 1990 da ta ba kowane mahaƙin yuraniyam da ya kamu dala 100,000, matan Nabaho da yawa da mazajensu suka rasu sun sha wahala, don ba su da takardar aikin mijin, wasu ko takardar aure babu saboda auren gargajiya aka yi. Ka tattara takardar shaidar aikinsa, lambarsa ta asusun fansho, sakamakon awon lafiyar da aka riƙa yi musu, da kuma bayanin abin da ma'auninsa ya rubuta shekara-shekara, wanda yana da haƙƙin nema a rubuce. Ka zauna da shi ka rubuta shekarar da ya shiga, sassan da ya yi aiki, da sunayen waɗanda suka yi tare da shi. Jerin cututtukan aiki na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda aka sabunta a 2010, ya ambaci tururin nukiliya da benzin da asbestos a cikin masu jawo cutar daji. In awo ya tabbatar da sankara ko silikosis, ku roƙi likitan ya rubuta tarihin aikin a cikin rahotonsa, ku kai wa CNSS, asusun fansho da diyyar ma'aikata, da wuri, don irin wannan neman yana da wa'adi. Iyalan abokansa biyun nan ma ka isar musu da wannan, wataƙila takardun suna nan a akwati ba wanda ya duba.